Ruwan Kwana Uku da Na Ba Albasar Mahaifina

Shekarun baya, a shekarar da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, na tafka wata wauta a lambu wadda har yau in na tuna sai na kama baki. Na daɗe ina jin kunyar ba da labarin a nan, amma abin ya riga ya wuce, bari dai in faɗa muku.

Ni malamin firamare ne a Jega. Tun ina ƙarami aka kai ni can wajen dangi saboda karatu, shi ya sa duk da a gidan manoman albasa aka haife ni, sanina da ita bai wuce in gan ta an yanka a kan tsire ba. Mahaifina yana da ɗan lambu a fadama, bayan Aliero ta wajen Jiga. Ba wani ƙaton wuri ba ne. Fangali ashirin na albasa, wato 'yan kwamin nan da ake ja wa baki don su riƙe ruwa, sai tumatir da attaruhu da kuɓewa, kankana tana bin gefen shinge, ga mangwaro biyu da gwaba ɗaya kusa da rijiya.

Albasar ita ce abin alfaharinsa. Ja ce, ba ta cika girma ba, wuyanta siriri, amma sai ta yi wata shida a ajiye ko gezau. Daga wajen kakana ya gaji irin. Mutane kan zo daga Jiga Makera, har daga Liba, su roƙi ko cikin gwangwani ɗaya, shi kuwa ba ya hanawa. Abin da ke ba kowa mamaki, duk wanda ya karɓa, bayan shekara biyu sai ka gan shi ya dawo, ya ce tasa ta sake hali, a ƙara masa.

Ga waɗanda ba su sani ba, irin albasa ba kamar gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka manta da shi. In ya shekara, ya mutu. Dole sai an ware wasu kawunan albasa an ajiye su sun tsallake damina, in ruwa ya ɗauke a binne su, su yi fure, sannan a samu sabon iri. A shekarar nan ciwo bai bar mahaifina ya yi wannan ba. Ɗan ragowar irin da ke gida ya yafa, ya lallaɓa ya yi dashe, bai fi mako uku ba ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba. Ke nan duk abin da ya rage na irin gidanmu yana cikin fangali ashirin ɗin nan.

Mahaifiyata tana takaba, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Bayan sadakar bakwai ta kira ni ɗakinta. Malam take ce min, rabi girmamawa rabi tsokana.

"Malam, abu guda nika roƙonka. Albasag ga ta iso gida lahiya. In ta ɓaci, irin gidanga ya ƙare ke nan."

Na bugi ƙirji na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Mutumin da ke riƙe yara sittin a aji ai albasa ba za ta gagare shi ba."

Ta ci gaba da jan tasbihinta.

Haka na shiga jeka-ka-dawo tsakanin Jega da Aliero a kan babur. Maƙwabcinmu na lambu, wani dattijo abokin mahaifina, shi yake nuna min lokacin ban ruwa da cire ciyawa, ni kuma ina bi. Da aka yi hutu sai na tare gaba ɗaya, daidai shigowar bazara.

Jama'a, wanda bai taɓa shiga lambu da bazara ba an bar shi a baya. Ka baro titi rana tana dukan ƙeya, gonakin tudu duk sun ƙone ƙurmus, awaki sun laɓe a gindin katanga suna haki, kana gangarowa fadama sai ka ji iska ta sake, kore ya buɗe maka shar. Na sha tsayawa a bakin shinge in rasa abin cewa sai subhanallahi. Kuɓewar da na bari da yamma kamar ɗan yatsa, da safe sai in tarar ta isa yanka, in ban yanka ba jibi ta tsufa. Kankanar da nake ƙwanƙwasawa kullum kamar ina sallama a gidan mutane, ran da ta nuna na fasa ta a gindin mangwaro, ga ƙasa zau da zafi, amma cikinta sanyi ƙalau. Wa ya sanyaya ta? Na ci ina mamaki, ruwan yana bin gwiwar hannuna. Mangwaro kuwa ba sai ka hau ba, kana zaune zai faɗo kusa da kai tim. Tumatir nake cika kwando biyu kowace safiya in aika gida, maƙwabta su samu, mu samu.

To, a nan kaina ya fara kumbura. Na soma ganin noman nan ba wani abu ba ne, mutane ne ke zuzuta shi. Har shawara na fara ba abokan aikina a waya.

Ana haka dattijon nan ya tafi Maiyama bikin jikarsa, ya ce zai yi kamar mako. Kafin ya tafi ya ce min, "Albasa ka bar ta haka nan sai na komo." Ni kuma na ɗauka nufinsa kada in cire, ban tsaya na tambaya ba.

Kwana biyu da tafiyarsa na zo da safe na ga abin da ya tsinka min zuciya. Ganyen albasa, lawashin nan da ke tsaye cak kamar sojoji, ya fara karyewa daga wuya yana kwanciya. Bakinsa ya yi rawaya. Ƙasar fangali ta bushe har ta tsattsage. Washegari abin ya ƙaru, kusan rabi sun kwanta. Na ce shi ke nan, ƙishirwa za ta kashe amanar da aka ba ni, ina tsaye ina kallo.

Injin ban ruwan mahaifina ya daɗe da lalacewa, da na dattijon muke amfani, shi kuma ya kulle shi a gida. Sai na kira abokina, wani bakanike a tashar Jega, wanda saninsa da noma bai fi nawa ba. Kafin azahar sai ga shi da inji ɗaure a bayan babur. Ya dubi albasa ya girgiza kai.

"Kai, amma ba ka da imani! Wanga zahi ko jaki aka ba ruwa sau ukku, balle ganye. Ja tiyo mu tahi."

Muka tayar da inji. Na ga ruwa yana malala cikin fangali, ƙasa tana sha tana ƙara, raina ya yi fari tas. Sai dai tiyon gajere ne, fangali goma sha biyu na kusa da rijiya kawai ya kai. Takwas na can ƙarshe ba su samu ba. Na ji haushin wannan ƙwarai, har na yi wa abokina faɗa, ya ce in yi haƙuri ran Asabar zai zo da dogo. Kwana uku ina cika sha biyun nan maƙil, safe da yamma, ina duban takwas ɗin can da tausayi ina ce musu su ƙara haƙuri.

Ran na huɗu dattijo ya dawo. Ina durƙushe ina gyara bakin tiyo na ji salati a bayana.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wa yay yi wanga aiki?"

Na miƙe da fara'ata na ce ni ne, Baba, ai da ta mutu.

Ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Ɗana, albasa in ta kwanta ba mutuwa ta yi ba, nuna ta yi. Cewa takai a ɗauke mata ruwa ta rufe wuyanta. Wadda tash sha ruwa bayan ta kwanta, ido ba shi gane ta, amma ba ta kai tsakkiyar damana. Cikin rudu, wurin ajiya, za ta ruɓe, ta ruɓar da 'yan uwanta." Ya mayar da hularsa ya ƙara da cewa, "Allah shi jiƙan babanka. Lalle albasa ba ta yi halin ruwa ba."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Da ya ga jikina ya yi sanyi sai ya sassauta. Ya ce Allah ya taimake ni da gajeren tiyo. Takwas ɗin da nake tausayi su ne suka tsira, daga cikinsu za a fitar da iri. Sharaɗi ɗaya ne, ran cira kada in kuskura in haɗa su da sauran. Jiƙaƙƙu gefe, busassu gefe. Na ce ko a mafarki ba zan haɗa ba.

Bayan kwana biyar muka sa ranar cira. Na ɗauko 'yan ƙwadago uku, muka fara tun da sanyin safiya. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na ranar ba, ka kama lawashi ka ja, ƙasa ta buɗe, jan kai ya fito yana sheƙi. Muka yanke ganye, muka yi tsibi biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, ni da kaina nake tsaye a tsakani kamar ɗan sanda.

Wajen la'asar sai iska ta tsaya cik. Muka ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Hadarin farko ke nan na shekarar, kuma kowa ya san ruwan sama in ya taɓa albasar da aka cire, an gama. Fadama ta rikice, kowa na ihu yana neman abin rufi, dattijo ya ruga nasa lambun. Tamfol ɗaya gare ni. Iska ta taso tana fizgar shi, ƙasa tana shiga ido, aradu ta fashe a kanmu. Ban san lokacin da na ce wa mutanen nan, "Ku tara su wuri guda! Ku tara!" ba. Da hannuna na riƙa kwasar na yamma ina zubawa a kan na gabas. Muka rufe, muka danne da duwatsu, muka kwanta a kai.

Ruwan ko minti goma bai yi ba. Yayyafi ne ya kashe ƙura ya wuce abinsa.

Da na yaye tamfol na dubi tsibin nan, sai na zauna a ƙasa. Duk ja, duk sheƙi, kowace kamar 'yar uwarta. Dattijo ya zo ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki wata ya juya, ya ce shi kam ba zai iya rantsuwa a kan ko guda ba. "Kai su gida," in ji shi. "Ka hwaɗa ma innarka gaskiya."

Ban faɗa ba. Aka sauke albasa a rumfar tsakar gida, na shiga fara'ar ƙarya ina cewa Inna ga amana ta iso. Ta fito a hankali, ta zauna a bakin tabarma. Idonta dama ya fara rauni tun kafin rasuwar, sai abu ya matso take gane shi. Ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya, ta danna wuyan da babban yatsa, ta ajiye. Ta ɗauki ta biyu, ta danna, ta kai hanci. Ba ta ko dube ni ba ta ce:

"Kwana nawa kab ba ta ruwa?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na zayyana mata komai, tun daga inji har tamfol. Na ƙare da cewa, "Inna, na kashe irin Baba. Ki gafarce ni."

Sai ta ce, "Tashi ka ɗauko tabarmi biyu. Kuka ba shi zaɓen albasa."

Abin da na gani a kwana ukun da suka biyo baya shi ne dalilin rubutun nan. Ta zauna ta miƙe ƙafa, tsibi a gabanta, tabarma a dama, tabarma a hagu. Ta ɗauki albasa, yatsa a wuya, ta murza ɓawon kusa da kunne, ta ɗan auna ta a tafin hannu, ta jefa dama ko hagu. Kafin ka ƙifta ido ta ɗauki wata. Wani lokaci ko murzawar ba ta yi, tana taɓawa ta jefa. Tana yi tana jan tasbihi a hankali, kaji suna kewaya ta, ba ruwanta.

Na ce ta nuna min. Ta ba ni biyu, ta ce wannan wuyanta ya rufe, ɓawonta yana ƙara kamar sabuwar takarda, waccan kuwa wuyanta da ɗan taushi, ɓawonta ba ya magana, kuma ta fi girmanta nauyi. Na danna, na murza, na auna. Wallahi ni dai albasa biyu na ji a hannuna.

Shaiɗan ya raya min cewa ƙila dai tsohuwa tana yi ne don ta kwantar min da hankali. Da ta tashi alwala sai na ɗauki ɗaya daga tabarmar hagu, inda take jefa jiƙaƙƙu, na yi mata 'yar alama da farce a gindi, na cusa ta cikin tsibin da ba a taɓa ba. Can an jima ta iso kanta, ta jefa hagu. Na sake faki ido na mayar. Ta sake jefa ta hagu. A karo na uku ta riƙe ta a hannu, ta juyo wajena.

"Malam, wagga sau ukku ke nan tana gaishe ni. In jarabawa kaka yi min, ka bari sai ka kai makaranta."

Na yi dariya. Na ce, "Inna, a ina kika koyi wannan?"

Ta ce, "Kai kana zaton mi nika yi duk bazara a rumfag ga? Babanka shi ka noma, ni ka zaɓe. Kakarka ta aza hannuna bisa albasa tun ina amarya. Masu zuwa karɓar iri, iri suka ɗauka, ba su ɗaukar mai zaɓe, shi ya sa suka komowa."

Sai a lokacin na tuna. Duk hutun da na zo gida ina yaro, nakan gan ta a wurin nan da albasa a gaba, in wuce ta in tafi ƙwallo. A zatona ta miya take gyarawa.

Da ta gama raba jiƙaƙƙu da busassu, sai ta koma kan busassun ta sake tacewa. Mai kai biyu, waje. Mai kaurin wuya, waje. Wadda janta bai kai ba, waje. Daga wannan uban tsibi abin da ta yarda da shi bai wuce kwando uku ba. Ta ce na hagu a kai kasuwa gobe-gobe tun suna da kyau, a gaya wa mai saye na ci ne, ba na ajiya ba. Kwando ukun nan kuwa aka shimfiɗa su a rudu, rumfar karan nan da ake ɗagawa sama da ƙasa don iska ta riƙa ratsawa.

Taurin kai bai sake ni ba. Na ɓoye rabin kwando na 'yan hagu a bayan ɗakina, na shimfiɗa su da kyau a inuwa, in ga gudun ruwansu. Damina ba ta yi nisa ba wari ya tona min asiri, sun narke sun zama baƙin ruwa, sai da na haƙa rami na binne. Na ruga rudu in duba. Na cikin rudu suna nan garau, ɓawonsu yana ƙara. Duk Juma'a in na zo sai in tarar ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta juya. Har ruwa ya ɗauke, waɗanda suka lalace ba su cika tafin hannu biyu ba.

Ni da dattijo muka binne masu kyan a lambu. Suka tsiro, suka fitar da dogayen sanduna, kowace da ƙulli a kai. Wata safiya na zo na tarar sun buɗe. Fangali bayan fangali, fararen dunƙule-dunƙule sun kai min ƙugu, suna rausaya, ƙudan zuma ya cika wurin da guna har kana ji a ƙirjinka. Na tsaya kamar an dasa ni. Daga nan na juya babur na koma gida, na ce Inna yau sai kin zo kin gani. Ta daɗe da fita takaba, amma sai da na yi ta magiya kafin ta yafa mayafi.

Na riƙe hannunta muka gangara. Ta shiga tsakiyar furen a hankali, ta sunkuya ta kai fuskarta dab da guda, ta shafa shi da yatsun nan nata. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, idonta ya cika.

"Ashe haka suka yi?" in ji ta. "Shekara talatin da wani abu, busasshe aka kawo min shi in sussuke. Ban taɓa ganin shi da rai ba."

Muka tsaya ni da ita, zuma tana ta aikinta.

Har yau in na tuna shekarar nan, ba wautata ce ke fara zuwa min ba, ko da yake ita ma ba ta da kyan gani. Abin da ke tsaya min a rai shi ne yadda na yi shekara da shekaru ina wuce ilimi a tsakar gidanmu, yana zaune a kan tabarma, ni kuwa ina can ina neman sa a Jega. Kowa yana cewa albasar mahaifina, ni ma haka nake cewa, shi kansa Allah ya jiƙansa bai taɓa gyara mana ba, ita ma ba ta taɓa cewa a gyara ba.

Tun daga lokacin, duk bazara nakan ajiye komai in zo in zauna kusa da ita. In zaɓa in tura mata, ta taɓa ta turo min abina. Shekarar farko kusan duka ta mayar, tana cewa hannun alli ne da ni. A hankali abin ya riƙa raguwa.

Bara hannunta ya fara rawa. Ta ce ita ta gaji, in zaɓa ni kaɗai. Na yini ina yi, zufa tana keto min, na cika kwando na ajiye a gabanta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ta kai ta ƙarshe. Ba ta mayar da ko guda ba. Ta kakkaɓe hannunta a zane ta ce, "To, alhamdulillahi. Yanzu ko yaushe aka kira ni, na shirya."

Na daɗe ina jiran ranar da za ta karɓi zaɓina duka. Da ranar ta zo, tashi na yi na shiga ɗaki, don kada ta ji ina kuka.